Agogon Aljihu na Rasha: Tsakanin Riƙon Amana da Cinikin Gado

Gabatarwa

A kasuwannin gwanjo na Turai da shagunan intanet da ake cinikin tsoffin kaya, akwai wata haja da ba ta rasa masu nema, wato tsohon agogon aljihu na Rasha. Wasu daga cikin agogunan na zamanin sarakuna ne, masu murfin azurfa ko zinariya da tambarin mikiya mai kai biyu. Wasu kuma na zamanin Tarayyar Sobiyet ne, masu gidan farin ƙarfe, waɗanda aka ƙera domin ma'aikacin jirgin ƙasa da soja da malamin makaranta. Masu tara su sun kasu kashi-kashi: akwai mai neman riba, akwai mai sha'awar inji, akwai kuma wanda son tarihi ya jawo shi. Abin da ya haɗa su shi ne, a hannunsu ne mafi yawan waɗannan agoguna suke a yau, domin abin da gidajen tarihi suka adana kaɗan ne idan aka gwada shi da abin da ke yawo a kasuwa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, tsohon agogo irin wannan takardar shaida ce ta tarihi, kuma darajarsa tana cikin kasancewarsa cikakke kamar yadda zamani ya bar shi, da injinsa da gidansa da fuskarsa da rubutun da ke bayansa. Wanda ya mallake shi yana da haƙƙin mallaka, amma yana ɗauke da amana. Abin takaicin shi ne, kasuwar da sha'awar masu tarawa ta raya ita ce kuma take cin wannan gado, ta hanyar wargaza agoguna da yi musu fuskokin ƙarya. Kafin a zo ga hujjoji, ya kamata a fara da tambayar da masu suka suke yawan jefawa: me ya sa ma ake kiran wannan agogo na Rasha?

Tambayar asali

Tambayar tana da tushe. Rasha ta haifi gwanayen ƙira, amma ɗaiɗaiku ne. Ivan Kulibin na birnin Nizhny Novgorod, wanda ya koyi sana'ar da ƙoƙarin kansa, ya ƙera agogo mai siffar ƙwai, mai kiɗa da 'yan mutum-mutumi masu motsi, ya miƙa wa Sarauniya Katarina ta Biyu a 1769. Wannan aiki ne ya kai shi shugabancin ɗakin ƙere-ƙere na Cibiyar Kimiyya da ke St. Petersburg, agogon kuma yana gidan tarihi na Hermitage har yau. A ƙarni na 19 iyalan Bronnikov na garin Vyatka sun yi suna da agogon aljihu na itace, wanda gidansa da ƙafafunsa masu haƙora duk na itace ne ko ƙashi, sai sifirin kawai yake na ƙarfe. Waɗannan abubuwan al'ajabi ne, amma ba su zama masana'anta ba. Masana'antun agogo da aka kafa da tallafin gwamnati a zamanin Katarina ba su yi tsawon rai ba.

Agogon da attajiri da hafsan soja da ma'aikacin gwamnati suke ɗauka a aljihu kafin 1917, galibinsa daga Suwizalan ya fito. Heinrich Moser, mutumin Schaffhausen, ya kafa kamfaninsa a St. Petersburg a 1828, sannan ya buɗe masana'anta a Le Locle domin ta riƙa ciyar da kasuwar Rasha. Gidan Pavel Bure, wanda sunansa ya fi kowane suna shahara a wannan fanni, ya fara a St. Petersburg a 1815, ya sayi masana'anta a Le Locle a 1874, kuma ya samu laƙabin mai kai wa fadar sarki kaya a 1899. Tissot ma ta yi ciniki mai yawa a daular. Tsarin kuɗin fito ya sa shigo da sassan agogo ya fi shigo da haɗaɗɗen agogo araha, saboda haka aka riƙa kawo sassan a warwatse ana haɗa su a ɗakunan aiki na Rasha.

Mai suka zai ce, to ai kayan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ina ganin wannan hukunci ya yi gaggawa. Wurin da aka narka ƙarfe ɓangare ɗaya ne kawai na tarihin abu. Agogon Bure an yi shi ne domin mai saye na Rasha, an rubuta sunan a fuskarsa da haruffan Rasha, an auna azurfarsa da ma'aunin Rasha. Rundunar sojan sarki ta riƙa bayar da shi kyauta ga gwanayen harbi, da hoton bindigogi biyu a giciye a murfinsa. Hukumomin jirgin ƙasa sun raba shi ga ma'aikatansu, a ƙasar da jiragenta suke tafiya bisa lokacin St. Petersburg komai nisan tasha, tun daga layin da ya haɗa St. Petersburg da Mosko a 1851 har zuwa layin Siberiya da aka fara shimfiɗawa a 1891. Fadar sarki kuma ta mayar da shi kyautar girmamawa. Abin da ya yi irin wannan hidima a rayuwar al'umma shekara da shekaru ya shiga gadonta, ko da a ina aka yanka haƙoran ƙafafunsa.

Daga Ohio zuwa Mosko

Zamanin Sobiyet ya ƙara fito da wannan batu fili. Bayan juyin juya halin 1917 an ƙwace kadarorin kamfanoni irin su Bure da Moser, aka ci gaba da haɗa agoguna daga ragowar sassan da suka bari har suka ƙare. Ƙasar da take shirin gina manyan masana'antu ta wayi gari ba ta da abin auna lokaci. A ƙarshen 1927 gwamnati ta yanke shawarar kafa masana'antar agogo ta kanta. Maimakon ta fara daga tushe, sai ta aika wakilai su nemo wadda za a saya ɗungurungum. Ta hannun kamfanin cinikinta na Amtorg ta sayi injuna da kayan aikin Dueber-Hampden, wani kamfanin agogo na garin Canton a jihar Ohio ta Amurka da ya durƙushe, tare da na kamfanin Ansonia na Brooklyn. A 1930 aka kwaso kayan zuwa Mosko, tsoffin ma'aikatan Dueber-Hampden sama da 20 suka biyo su domin koyar da aiki.

Daga nan aka samu Masana'antar Agogo ta Farko, wadda aka sa wa sunan Kirov a 1935, da agogon aljihunta da aka sani da Nau'i na Ɗaya, mai inji mai faɗin milimita 43. Duk wanda ya buɗe bayansa ya san aikin Hampden zai gane dangantakar nan take. A 1936 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Lip na birnin Besançon a Faransa, wadda ta taimaka wajen kafa masana'antar Penza, kuma daga zanen Lip ne agogon aljihu na ZIM ya samo asali. Da sojojin Jamus suka doshi Mosko a 1941, aka tsinke injunan masana'antu aka loda a jirgin ƙasa aka yi gabas da su. Na Masana'anta ta Farko suka sauka a Zlatoust cikin tsaunukan Ural, na ta Biyu suka sauka a Chistopol, inda daga baya aka samu agogon Vostok. A 1947 aka buɗe masana'antar Chelyabinsk, mai agogon Molnija, wato walƙiya, wanda injinsa ya samo asali daga zanen kamfanin Cortébert na Suwizalan. Samfurinsa mai lamba 3602, mai duwatsu 18, shi ne agogon aljihu na Sobiyet da ya fi yaɗuwa a duniya, har an sayar da shi a Turkiyya da sunan Serkisof da hoton jirgin ƙasa a bayansa.

Wannan tarihi ne ya sa nake ganin masu tarawa da yawa sun juya ma'auni. Suna rububin Bure na zinariya, suna raina Nau'i na Ɗaya saboda kaushin aikinsa da arahar gidansa. Alhali agogon zinariya na attajiri labarin gida ɗaya yake bayarwa, shi kuwa wannan mai kaushin yana ɗauke da labarin yadda ƙasar manoma ta sayi masana'anta sukutum daga abokiyar hamayyarta ta aƙida, ta koyi aiki cikin 'yan shekaru, ta kuma gudu da injunan a tsakiyar yaƙi ba tare da aikin ya tsaya na dogon lokaci ba. Agogon da aka haɗa a Zlatoust a 1942, da ɗan abin da ya samu na ƙarfe da ma'aikata, kaushin nasa ma shaida ne.

Yadda ake karanta agogo

Idan aka ce agogo takardar shaida ce, ana nufin ana iya karanta shi, kuma kowane sashe nasa yana tabbatar da ɗan'uwansa ko ya ƙaryata shi. Ma'aunin azurfa da zinariya na zamanin sarakuna ya ginu ne kan kashi 96. Lamba 84 a cikin murfi tana nufin azurfa kashi 875 cikin 1000, lamba 56 kuma tana nufin zinariya kashi 583 cikin 1000. Daga 1899 hatimin hukumar awo ya ɗauki hoton kan mace sanye da adon kai na gargajiyar Rasha. Rubutu ma yana faɗin shekarunsa. Kafin gyaran ƙa'idar rubutu na 1918, ana ƙare duk kalmar da ta tsaya a kan baƙi da wani harafi da ba a furta shi, saboda haka sunan Pavel a fuskar agogon asali yana ɗauke da wannan harafi a ƙarshensa. Sunan birni shi ma ma'auni ne, domin St. Petersburg ta koma Petrograd a 1914, ta koma Leningrad a 1924. Hatta kwanan wata da aka zana a murfi yana buƙatar lura, tunda Rasha ta bar tsohuwar kalanda ne a Fabrairun 1918, lokacin da 14 ga Fabrairu ta biyo bayan 31 ga Janairu.

A agogunan Sobiyet na shekarun 1940 da 1950, masana'antu da dama sun riƙa buga rubu'in shekara da shekarar ƙira a jikin inji. Idan aka ga 2-52, ana nufin rubu'i na biyu na 1952. Kowace masana'anta tana da tambarinta a kan inji. Masu gyaran agogo kuma, a Rasha kamar a sauran ƙasashe, sukan karce 'yan lambobi a cikin murfi duk lokacin da suka yi masa aiki, ta yadda mai lura zai iya ƙirga sau nawa agogon ya je hannun mai gyara a rayuwarsa.

Duk waɗannan alamomi suna aiki ne idan suna tare. Lambar inji ita kaɗai tana faɗin shekara, amma ba ta faɗin wanda ya riƙe agogon. Rubutun murfi shi kaɗai yana faɗin suna, amma babu mai tabbatar da shi idan an raba shi da injin da ya zo da shi. Da zarar an raba su, an mayar da takarda guda yagaggun shafuka, kowane shafi a hannun wani.

Ɓarnar da kasuwa take yi

Waɗannan agoguna sun riga sun sha wuya kafin su iso hannunmu. A shekarun yunwa na 1932 da 1933, shagunan gwamnati na Torgsin sun riƙa karɓar zinariya da azurfa daga hannun talakawa a madadin gari da sauran abinci, kayan gado masu yawa suka tafi tukunyar narki ta wannan hanya. Yaƙe-yaƙe biyu na duniya da yaƙin basasa sun cinye nasu rabon. Wasu iyalai da kansu suka kankare mikiyar sarki ko sunan kakansu daga murfi saboda tsoron abin da zai biyo baya idan aka gani. Agogon da ya tsallake duk wannan ya iso ƙarni na 21 cikakke, bai kamata a ce ajalinsa ya zo a teburin ɗan kasuwa ba. Amma abin da yake faruwa ke nan, ta hanyoyi da dama.

Hanya ta farko ita ce abin da 'yan kasuwar suke kira agogon aure. Tunda mutanen yau ba sa ɗaukar agogo a aljihu, sai a cire injin Bure ko Moser ko Molnija daga gidansa, a sa shi cikin sabon gidan agogon hannu mai gilashi a baya, a buga masa sabuwar fuska. A agogon aljihu marar murfin gaba, kan murɗawa yana saman lamba 12, ƙaramin hannun daƙiƙa yana wajen lamba 6. Idan aka juya injin domin kan murɗawa ya koma wajen lamba 3 kamar na agogon hannu, sai hannun daƙiƙa ya koma wajen lamba 9, tsohuwar fuskar tangaran ta zama ba ta da amfani. Gidan azurfa kuwa sau da yawa a ma'auni yake ƙarewa. Injin Molnija yana da wata ƙaddarar ta daban: saboda kamanninsa da injin Cortébert da aka yi amfani da shi a tsoffin agogunan Panerai na sojan ruwan Italiya, masu haɗa kwaikwayon waɗancan agoguna sun daɗe suna farautarsa.

Hanya ta biyu ita ce fuskar ƙarya. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, 'yan yawon buɗe ido sun zo da ƙishirwar duk abin da ke ɗauke da guduma da lauje. Kasuwa ta amsa musu da agogunan da aka buga wa jan tauraro da tambarin hukumomin leƙen asiri da hotunan shugabanni, waɗanda ba su taɓa fitowa daga wata masana'anta a wannan kama ba. A ɓangaren zamanin sarakuna kuma, ana manna mikiya a murfin agogon da bai taɓa kusantar fada ba, ko a zana masa rubutun kyautar sarki. Hanya ta uku ita ce haɗa-haɗa, inda za a ɗauko inji daga nan, gida daga can, hannaye daga wani wuri, a sayar da sunan na asali.

Illar wannan ta wuce asarar kuɗin mai saye. Hotunan jabun suna cika intanet, sabon mai koyo ya ɗauke su ma'auni, har ya zo yana tuhumar na gaske saboda bai yi kama da abin da idonsa ya saba da shi ba. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma a wannan fage ƙarya tana iya daɗewa har ta shiga littattafan jagora, idan babu isassun agogunan asali da za a gwada ta da su.

Hujjojin ɗaya ɓangaren

Adalci ya buƙaci a saurari masu wannan sana'a, domin hujjojinsu ba na banza ba ne. Suna cewa, da farko, an ƙera Molnija da yawan gaske, saboda haka wargaza wasu ba zai ƙarar da shi ba. Na biyu, injuna da yawa marayu ne tun asali, an narkar da gidajensu tun zamanin Torgsin ko lokacin da farashin zinariya ya tashi, kuma sa su a gidan agogon hannu ya fi barinsu su yi tsatsa a cikin akwati. Na uku, masana'antun Sobiyet da kansu sun sa injin Nau'i na Ɗaya a gidan agogon hannu a shekarun 1930 da 1940, domin sojoji da matuƙa jirgin sama. Na huɗu, mai abu shi ke da iko da abinsa.

Hujja ta biyu karɓaɓɓiya ce, da sharaɗi. Injin da ya rasa gidansa da gaske babu laifi a yi masa sabon gida, muddin an faɗa wa mai saye gaskiya kuma ba a taɓa jikin injin da zarto ba. Matsalar ita ce, kasuwa ba ta bambance maraya da wanda aka mayar maraya. Da zarar agogon aure ya fi cikakken agogon aljihu tsada, ɗan kasuwa ya samu dalilin raba inji da gidansa, kuma mai saye ba shi da hanyar sanin wanne aka kawo masa. Hujja ta uku kuwa tana goyon bayan ra'ayina ne: waɗancan agogunan hannu na masana'anta su kansu shaidar tarihi ne, kuma yawan na jabu shi ya sa gane su ya yi wuya a yau.

Batun yawa shi ne ya fi yaudara. Abin da yake da yawa shi aka fi sakaci da shi, har a wayi gari ya yi ƙaranci ba wanda ya lura. Molnija na shekarun 1980 yana da yawa, amma na farkon shekarun 1950, mai ado a jikin inji da fuskarsa ta asali, ba haka yake ba, kuma mai wargazawa ba ya tsayawa tantancewa. Game da haƙƙin mallaka, babu mai musun cewa doka ta ba mutum iko da kayansa. Sai dai abin da doka ta halatta daban, abin da ya dace daban. Wanda ya sayi tsohon rubutun hannu yana iya yanka shafukansa ya sa a firam ya sayar ɗaya-ɗaya, amma babu malamin da zai yaba masa.

Mai tarawa da gidan tarihi

Wasu suna ganin mafita ita ce a bar irin waɗannan kaya ga gidajen tarihi. Ban yarda da wannan ba. Gidajen tarihi sukan zaɓi abin da ya fita daban, kamar ƙwan Kulibin da agogon itace na Bronnikov. Agogon talaka, mai tarawa ne yake ceto shi. Misali mafi kyau yana Siberiya. Gidan tarihin agogo na birnin Angarsk, wanda aka buɗe a 1968, ya ginu ne kan tarin mutum ɗaya, Pavel Kurdyukov, wanda ya shafe shekaru yana tattara tsoffin agoguna yana gyara su da hannunsa. Haka kuma yawancin abin da aka sani a yau game da tambarin masana'antun Sobiyet da jerin lambobinsu, masu sha'awa ne suka tattara shi ta hanyar gwada agogo da agogo, musamman ganin cewa masana'antu da dama sun rufe ko sun canza hannu bayan 1991.

Saboda haka abin da ake buƙata shi ne mai tarawa mai ladabin malami. Ya rubuta inda ya samu agogo da abin da aka faɗa masa game da shi, ya ɗauki hoton inji da cikin murfi, ya bar wannan bayani ya bi agogon idan ya sayar. Ya tsabtace inji ya sa masa mai, amma kada ya goge murfi har rubutu ya shafe domin neman ƙyalli. Idan dole ta sa an canza wani sashe, a ajiye tsohon tare da agogon. Ya kuma san cewa fuskokin agogunan soja na wancan zamani masu haske a duhu an shafa musu sinadarin radiyam, wanda yake ɗaukar kimanin shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Hasken ya daɗe da mutuwa, amma haɗarin yana nan, kuma ƙurar fentin ita ce abin tsoro ga mai buɗewa ba da sani ba. Sannan ya kiyaye doka. Rasha tana da dokar 1993 kan fitar da kayan tarihi daga ƙasar, akwai kuma yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan haramtaccen cinikin kayan al'adu. Agogon da aka fitar ta ɓarauniyar hanya yakan iso ba tare da tarihinsa ba, domin mai fasa-ƙwauri ba ya son a san inda kaya suka fito.

Gado mai ɗaci

Akwai wani ɓangare da masu tarawa ba su cika son tattaunawa ba. Ba kowane rubutun murfi ne abin alfahari ba. Gwamnatin sarki da ta Sobiyet duka sun yi amfani da agogo a matsayin lada, kuma cikin waɗanda aka ba akwai jami'an hukumomin da suka yi kame da kisa. Wasu agogunan kuma an ƙwace su ne daga hannun masu su lokacin juyin juya hali ko lokacin yaƙi. Ra'ayina shi ne a adana irin waɗannan, kada a kankare, domin goge shaida ba ya goge abin da ya faru. Amma akwai bambanci tsakanin adanawa domin sani da ƙawatawa domin ciniki. Ɗan kasuwar da yake buga tambarin 'yan sandan ciki a sabuwar fuska saboda ya ga yana jawo masu saye, ya yi ƙarya, ya kuma mayar da wahalar mutane abin ado.

Haka nan kalmar "na Rasha" tana buƙatar taka-tsantsan. Daular sarakuna da Tarayyar Sobiyet ƙasashe ne na al'ummomi da yawa. Masana'antar Luch tana Minsk ne, a Belarus ta yau, kuma agogunan Mosko da Chelyabinsk sun yi aiki a aljihun mutanen Kiev da Tashkent da Baku. Idan aka ƙara da ma'aikatan Le Locle da Canton da Besançon, za a ga cewa masu haƙƙi a wannan gado suna da yawa, kuma babu wata gwamnati ta yau da za ta ce nata ne ita kaɗai.

Kammalawa

Agogon batir da wayar hannu da ta biyo baya sun karɓe aikin faɗin lokaci daga hannun agogon aljihu. Aikin da ya rage masa shi ne ba da shaida kan zamanin da ya wuce, kuma ba zai iya wannan ba sai an bar shi da sassansa. Mai ƙudurin shiga wannan fage ya fara da karatu kafin saye, ya fifita agogo mai tabo wanda komai nasa na asali ne a kan mai ƙyalli wanda aka haɗa jiya, ya kuma tambayi mai sayarwa hoton inji da cikin murfi kafin ya tambayi farashi. Ɗan kasuwa yana bin abin da ake nema ne. Ranar da masu saye suka daina biyan kuɗi mai yawa kan agogon aure da fuskar ƙarya, ranar ce za a daina raba injin Bure da murfinsa.